Yadda gawo ya dawo gonakin kudancin Damagaram bayan yunwar 1984

Ƙasashen Mirya, Matamai da Magarya, a kudancin Damagaram ta ƙasar Nijar, jigawa ce mai yawan jama'a, kuma gero da wake su ne abincin gida. Duk wanda ya ratsa ta nan da rani a yau zai ga gawo tsaye a gonaki, kore shar a lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Shekaru arba'in da suka wuce gonaki da yawa a wannan yanki fili ne fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka. Abin da ya faru tsakanin wancan lokaci da yanzu ya isa a tsaya a duba shi da kyau, domin a cikinsa ana ganin yadda Allah yake fitar da alheri daga cikin abin da mutane suka ƙi, kuma ana ganin irin jinkirin da abin yake ɗauka da irin aikin da yake nema daga hannun bawa.

Yadda gonakin suka tsiraita

Gawo ba baƙo ba ne a Damagaram. Tarihin baka ya riƙe cewa Sarki Tanimu, wanda ya yi sarauta a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan sare shi. Amma a ƙarnin da ya biyo baya abubuwa uku suka haɗu suka cinye itatuwan gona. Na farko gyaɗa: Matamai da Magarya sun zama cibiyar nomanta, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don saye da fitar da ita, aka riƙa koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ta fes, babu kututture babu toho. Na biyu yawan jama'a, wanda ya kashe al'adar barin gona ta huta shekaru. Na uku doka. Dokar gandun daji ta 1974 ta sanya gawo cikin itatuwan da gwamnati ke karewa, har ya zama mutum na iya biyan tara don ya sare reshe a gonar da ya gada daga kakansa. Niyyar dokar mai kyau ce, sai dai abin da ta haifar a ƙauye akasin haka ne. Manomi ya fahimci cewa ɗan gawon da ya tsiro a gonarsa rigima ce ke tsirowa, don haka ya fi masa sauƙi ya bi shi da hauya tun yana ƙarami, kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi.

Farin 1973 ya kashe dabbobi da itatuwa, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta karya kasuwarta, sannan 1984 ta zo. Ruwa ya yi ƙaranci, gero ya bushe kafin ya yi ido. A watan Afirilu na wannan shekara kuma Najeriya, a mulkin Janar Buhari, ta rufe iyakarta, ba a buɗe ba sai 1986, ga shi mutanen wannan yanki Kano da Daura da Katsina ne mafakarsu idan shekara ta ɓaci. Shi ya sa har yau dattawa ke kiran wannan yunwa El Buhari. An ci anza bayan an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa don ɗacinta ya fita, an ci ganyen jiga da tafasa, an sayar da shanun noma a wulaƙance, yara da tsofaffi sun mutu. Babu wanda ya isa ya kira wannan alheri, kuma bai dace a yi wa waɗanda suka binne 'ya'yansu wa'azin cewa ai abin ya yi kyau daga baya ba. Musiba ce. Abin da ake dubawa shi ne ƙofofin da ta buɗe ba tare da kowa ya shirya ba.

Gwamnatin Seyni Kountché, shugaban Nijar na lokacin, ta kira babban taro a Maraɗi a watan Mayu na 1984 kan yaƙi da hamada, aka ƙara ƙarfi wajen dashen itatuwa. Wannan ma ya zama abin takaici na biyu. Mafi yawan dashen bai rayu ba, kuma dalilan a bayyane suke. Itacen da aka rena a leda saiwarsa gajera ce, wani lokaci ma ta nannaɗe a gindin ledar. Ana dasa shi a Yuli ko Agusta, ruwa ya ɗauke a Satumba, sai ya fuskanci wata takwas na rani da saiwar da ba ta kai danshi ba. Awaki na yawo sakaka bayan girbi. Sannan filin dashen na gari ne ko na hukuma, ba wanda zai ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba ashirin ya kai wa itacen da bai san ko zai ci moriyarsa ba.

Inda alherin ya ɓullo

Abin da ya rayar da gonakin yana cikin ƙasa tun farko. Sabara, kalgo, geza, taramniya da gwandar daji ba sa mutuwa don an sare su. Kututturen yana nan da tsohuwar saiwarsa mai zurfi, kowace shekara yana fitar da toho, kowace bazara kuma mai sassabe yana sarewa ya ƙone. A ƙasar Maraɗi wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura da haka a 1983 ya fara kiran manoma su bar tohon ya girma. A kudancin Damagaram kuwa manoma ne da kansu suka fi ɗaukar abin, maƙwabci yana gani wurin maƙwabci, kuma itacen da suka fi bari shi ne gawo. Sunan da aikin ya samu a bakin mutane shi ne sassaben zamani.

Idan aka bi dalilan da suka sa manoma suka juya, kusan kowanne daga cikin wata asara ya fito. Dabbobi sun mutu, takin gargajiya ya ragu. Takin zamani ya yi tsada, ya ƙara tsada bayan an karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994. Manomin da ba ya da taki ya tuna abin da kakansa ya sani, cewa geron gindin gawo ya fi na fili. Itacen girki ya yi wuya har mata suna hura wuta da kara da kashin shanu, wanda hakan ke ƙara talauta gona, sai barin itace a gona ya zama larura. Baitulmalin gwamnati ya yi rauni a ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, sintirin ma'aikatan gandun daji ya ragu a ƙauyuka, tsoron tara ya yi sauƙi, mutane suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 sun zo sun ƙarfafa wannan fahimta. Har cin rani ya taka rawa: magidancin da ya dawo a makare, ruwan shuka ya riga ya sauka, ba ya samun sukunin yin sassabe ƙal, sai ya shuka a tsakanin tohon, kuma ya ga shukar da ke bayan sabara ita ce iska ba ta binne ba.

Babu ofishin da ya zauna ya tsara wannan jeri. Mai imani idan ya dube shi yana tuna faɗin Allah a Suratul Baƙara, aya ta 216, cewa mai yiwuwa ku ƙi wani abu alhali shi ne mafi alheri gare ku, Allah ne Yake sani ku ba ku sani ba. Manomin 1985 da ya rasa shanunsa bai san cewa rashin takin nan ne zai mayar da gawo gonar jikansa ba. Bai kuma zama dole ya sani ba. Abin da ke kansa shi ne ya ci gaba da fita gona.

Aikin a gona ɗaya

A ɗauki gona mai hekta guda, jigawa, wadda aka daɗe ana nomawa. Aikin yana farawa da bazara, lokacin sassabe, a Afirilu ko Mayu. Kafin a taɓa adda sai a zagaya gonar a ƙirga kututturan da ke da rai, a zaɓi waɗanda za a bari. Wanda ke farawa yakan nufi kamar arba'in a hekta, wato tsakanin itace da itace taku ashirin ko kusa da haka. A kowane kututture za a tarar da toho goma, ashirin ko fiye, duk sirara, suna rabon abinci ɗaya. Sai a zaɓi biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran daga tushe. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada a wuce rabi. Sara kuma daga ƙasa zuwa sama ake yi, da adda ko gatari mai kaifi, domin sara daga sama yana tsaga reshe ya ɓare ɓawo, gara da ruɓa su samu ƙofa. Ganye da ƙananan rassan da aka sare a bar su a ƙasa kada a ƙone, su ne ke tare rairayi kuma gara ta mayar da su taki. A ɗaura tsumma a jikin tohon da aka bari, alama ce ga mai neman itace cewa wannan da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida a koma a cire sabon tohon da ya fito. Daga shekara ta biyu ko ta uku ana iya sare guda ɗaya a kowane gindi duk shekara, a bar wani sabo ya maye gurbinsa.

Gawo ya fi wannan neman haƙuri. Yawancinsa daga iri yake tsirowa, kuma irin yana da ɓawo mai tauri, ba ya saurin fashewa sai ya bi ta cikin tumbin dabba. Saboda haka gonar da makiyayi ya kwana a cikinta da garkensa bayan girbi, ko wadda aka kai wa takin turke, ita ce ke cika da 'yan gawo da damina. Wanda zai shuka da hannu sai ya ɗan kankare gefen irin, ko ya zuba masa ruwan zafi ya bar shi ya kwana. Haɗarinsa mafi girma noman farko da maimai ne. Ɗan gawo a wannan lokaci bai fi tsawon yatsa ba, yaro mai hauya yana sauri, sara ɗaya ya tafi. Magidanci mai lura yakan riga yaran shiga gona ya kafa kara ko ɗan sanda a gefen kowanne, ya ce musu, «Ku kula, duk inda kuka ga kara a tsaye, ku ɗaga hauya.» Da rani a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. A shekarun farko ba ya nuna komai a sama. Yana bazuwa ƙasa-ƙasa, ƙaya ce kawai mai kama zane, domin ƙarfinsa duka yana tafiya ga saiwar da ke nutsawa neman ruwa. Nan ne mutane da yawa ke gajiya su sare shi. Idan ya kai shekara biyu ko uku a zaɓi reshe ɗaya da zai zama gangar jiki, a rage sauran, in ya karkata a tokare shi da sanda. Ba ya fara 'ya'ya sai ya kusa shekara bakwai ko ya wuce, kuma kafin inuwarsa ta yi faɗin da za a ga bambanci sosai a damin gero ana maganar shekara goma zuwa sama.

Abin da ya bambanta gawo shi ne lokacin ganyensa. Yana zubar da shi a farkon damina, ya sake fitar da shi da kaka. Don haka ba ya tare wa gero rana, kuma ba ya takara da shi a kan ruwan sama tunda daga can ƙasa yake sha. Ganyen da ya zuba yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Da rani dabbobi suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yan da suka faɗo, su bar kashi da fitsari a wurin. Rairayin fili da tsakar rana a farkon damina yakan wuce digiri 50, ya ƙone geron da bai daɗe da tsirowa ba, amma a ƙarƙashin rassan gawo zafin yana raguwa. Haɗuwar waɗannan ne ke sa geron gindinsa ya fi tsayi da kaurin zangarniya, wani wuri har ya ninka na fili.

Amfanin da ke fara zuwa, tun kafin wannan, shi ne na iska. A gonar da ba ta da kariya, guguwar da ke gaban hadari tana binne shuka ko ta yanke ta, a sake shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare, damina ta gajarce. Sabara da kalgo masu tsayin mutum sun isa su karya ƙarfin iskar. Shuka ɗaya ta kama, an tsira da iri da makonni biyu ko uku na damina, kuma a ƙasar da ruwanta wata uku ne zuwa huɗu waɗannan makonni su ne tsakanin gero mai ido da ƙaiƙayi.

Abin da ke lalata aikin

Mafi yawan kuskure wuce gona da iri ne wajen aski. Mutum ya tsige rassa har ƙoli ya bar ɗan tuntu a sama, itacen ya yi tsawo ba kauri, iska ta karya shi ko akuya ta lanƙwasa shi ta cinye kan. Sai ƙona gona, wanda ke kashe toho da 'yan gawo a yini ɗaya. Akwai tsoron tsuntsaye, cewa itace zai tara jan baki su cinye gero, kuma wannan tsoro ya hana mutane da yawa farawa. Rage rassa kafin gero ya yi ido yana sauƙaƙa shi.

Matsalolin da suka fi nauyi na mutane ne. Wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba ya barin itace, shi kansa mai gonar ma yakan hana, don gudun kada itacen ya zama hujjar mallaka gobe. Makiyayi da ke neman abin da zai ba dabba a ƙarshen rani yakan hau gawo ya sassare rassa, in ya wuce kima itacen ba ya yin 'ya'ya a shekara mai zuwa, kuma daga nan rigima ke tashi. Sata kuma tana karya zuciya fiye da komai: shekara uku mutum yana renon reshe, dare ɗaya a sare. Garuruwan da suka ci nasara su ne waɗanda suka zauna gaban mai gari da liman suka yi yarjejeniya, suka naɗa masu sa ido, suka sa makiyaya da mata cikin zaman, aka yanke abin da za a biya idan an kama mutum. Manomi shi kaɗai a tsakiyar maƙwabtan da ba su yarda ba da wuya ya kai labari. Malamai suna da abin faɗa a nan wanda ke kwantar da rai ba tare da ya halatta ɓarna ba. Ya tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Musulmin da ya dasa itace, abin da aka ci daga gare shi sadaka ne, abin da tsuntsu ya ci sadaka ne, har abin da aka sata sadaka ne a gare shi. Wanda ya riƙe wannan yakan koma ga kututturen da aka yi masa ɓarna ya sake zaɓar toho.

Abin da aka samu, da abin da ba a samu ba

Shekaru kusan ashirin abin yana tafiya ba a lura da girmansa ba, har sai da aka gwada hotunan sama na da da na yanzu. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya kiyasta cewa a Mirya, Matamai da Magarya kaɗai filin da itatuwa suka dawo ya kai kimanin hekta miliyan 1. Ga Nijar baki ɗaya kiyasin da aka fi ambata shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Ruwan sama ya ɗan gyaru daga shekarun 1990, kuma ya taimaka, amma da ruwa kaɗai ne da an ga itatuwan sun fi yawa a dajin da ba kowa. A gonaki suka fi yawa, inda mutane suka fi cunkoso.

Yunwa ba ta ƙare ba. A 2005, bayan ɓarnar fara da ɗaukewar ruwa da wuri a 2004, jihar Damagaram tana cikin inda tamowa ta fi kama yara, 2010 ma ta zo da nata. A Oktoban 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance, suka mutu da ƙishirwa a hamada a kan hanyar Aljeriya, kuma daga tsakiyar gonakin gawon nan suka fito. Gona tana ƙanƙancewa da kowane rabon gado, itace ba ya ƙara mata faɗi. Abin da itatuwan suka canza shi ne abin da gida ke da shi a hannu idan rumbu ya ƙare. Akwai itacen da za a kai kasuwa, akwai 'ya'yan gawo da ake cika buhu a sayar wa masu kiwo, akwai ganyen kuka wanda matan Mirya ke busarwa su sayar, akwai kaba ta saƙa, akwai abin da zai riƙe akuya har ruwa ya sauka don kada a sayar da ita a farashin banza. Magidanta da yawa a 1984 ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan a gonakinsu.

Wannan ne ya sa bai kamata a karanta lamarin a matsayin alkawarin cewa duk wanda ya yi haƙuri zai ga sakamako da idonsa ba. Da yawa daga dattawan da suka fara ɗaga hauya a kan ɗan gawo sun rasu kafin ya yi inuwa. Tawakkalinsu ya bayyana ne a cikin wani abu ƙarami da ake iya gani: sun bar ƙaya a gona shekara bayan shekara tana cin wuri, ba ta ba su komai, alhali suna cikin rashi kuma kowane taku na ƙasa yana da daraja. Wanda ya ce «haka Allah ya so» ya kwanta, da wanda ya faɗi kalmar nan ɗaya ya ɗauki adda ya tafi zaɓar toho, dukansu sun yarda da ƙaddara a baki, amma gonakinsu sun bambanta bayan shekara goma sha biyar. Malamai kan kawo hadisin mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah, kuma a gona ɗaurin shi ne karan da aka kafa a gefen tsiro da ƙayar da aka kewaye shi da ita.

Aikin da ke gaban yankin yanzu na maye gurbi ne. Gawon da aka bari a ƙarshen shekarun 1980 ya manyanta, kuma gonar da ke da manya goma ba ƙanana ko ɗaya tana hanyar komawa inda ta fito, domin ranar da manyan suka faɗi sai an sake jiran wasu shekaru goma. Ya kamata a kowace gona a samu masu shekaru daban-daban, a riƙa barin sababbi biyu ko uku duk damina. Lokacin rabon gado kuma a ambaci itatuwa da bakin magada da shaidu, wane gawo ya faɗa rabon wa, wa ke da ikon 'ya'yansa da rassansa, musamman inda akwai mata cikin magada, tunda su ne suka fi tsintar 'ya'yan da ganyen kuma su ne aka fi mantawa idan ana auna gona.